Hanyar Daberam Kafin Asalatu

Ƙarfe huɗu da rabi na buga babur,
ya yi tari sau uku, ya ƙi tashi.
Shi ma ɗarin ya shige masa ƙashi.
Sai da Tsahare ta kawo ruwan zafi a buta
muka yi wa injin alwala,
sannan ya yarda ya amsa.

Ta ce in jira gari ya waye.
Na ce kifi ba ya jiran rana:
in na makara, 'yan Mai'aduwa sun kwashe tarwaɗa,
ƙananan karfasa kawai za su bar mini.
Ta cusa takardar siminti tsakanin rigunana biyu,
ta ba ni safar ƙafa na sa a hannu,
ba ta ƙara cewa komai ba.

Hanyar nan na san ta kamar yunwar cikina.
Amma ɗari ɓarawo ne mai haƙuri,
ba ya fasa ƙofa.
Ɗan yatsa ya fara ɗauka, sai na kusa da shi,
har na duba hannuna a kan birki
na ga kamar na wani ne aka ajiye.
Hawaye na gudu zuwa kunne ba tare da an yi mutuwa ba.
Haƙora na ƙirga ramukan hanya.
Can sai wani barci mai daɗi
ya dafa kafaɗata kamar tsohon aboki.

Abin da ban lissafa ba:
kwalta tana kwana da ɗumin jiya,
kuma duk mai jini a dajin nan ya san haka.
Yautai ya tashi daga ƙarƙashin fitilata,
fiffikensa ya share mini kunci.
Bushiya ta dunƙule, na kauce.
Zomo ya yi ta gudu cikin haskena
kamar an ɗaure shi da shi.

Bayan kwanar tsamiya biyu
idanu suka kunnu, kore shar.
Dila ce, tsaye a tsakiyar titi,
ba ta da niyyar matsawa.
Na ce wa hannuna kama,
saƙon ya yi tafiyar kwana kafin ya isa.
Da ya kama, sai ya kama gaba ɗaya,
tayar gaba ta taka yashi,
sama ta koma ƙasa.

Ina kwance, kwandona na mirginawa shi kaɗai,
tayar baya na juyawa a iska.
Cikin fitilar da ta karkace
na ga abin da ya tsayar da ita:
'ya'ya biyu, ƙafafu kamar tsinke,
suna tsallakawa ba sa sauri.
Ta jira na ƙarshe ya shige ciyawa,
ta dube ni sau ɗaya, ta bi su.

Ban ji zafi ba. Sanyi ya riƙe mini shi ajiya.
Sai da Jatau masunci ya tsince ni,
ya kai ni bakin wutar karan dawa,
jini ya tuna hanyarsa,
sannan kafaɗa ta faɗa mini ta karye.

Yau kwana goma sha tara ina ɗaure da karan ɗori.
Dam bai ƙafe ba, kasuwa ba ta tashi ba,
tarwaɗar da na yi wa sammako
wani ya soya ta, wani ya ci.
Tsahare na shafa mini man shanu,
har yanzu ba ta ce "na faɗa maka" ba,
wannan shirun ya fi ɗorin ciwo.

Jiya Mati ƙanena ya zo karɓar makulli,
ya ce zai riƙe mini cinikin.
Na miƙa masa da hannun hagu.
Na ce in yatsunka suka daina gaishe ka,
tsaya, ɗora su kan injin har su dawo.
Ya yi dariya, ya tambayi inda dilar take
wai zai rama mini.

Na ce bar ta.
Da rana ne hanyar take tamu.
Kafin asalatu, aro muke yi.